Muttaka Mai Rijiya da Sunan da Aka Laƙaba Masa

Na fara sanin Muttaka a shekarar 1991, lokacin da aka turo ni Yammedi koyarwa a firamare. Da la'asar, bayan yara sun tashi, nakan buɗe aji ɗaya in koya wa manya karatun boko. Ranar farko mutum goma sha huɗu suka zo. Kafin damina ta faɗi saura uku, cikinsu har da wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa da yake zama shi kaɗai a bencin baya. Hannunsa duk kanta, da ƙyar fensir yake tsayawa a tsakanin yatsunsa. Tun ranar farko da na tambayi sunansa ya ce Muttaka. Wani daga gaba ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hasidu." Sai sauran suka yi dariya a ciki-ciki. Na ɗauka wasan ƙauye ne, sai daga baya na ji labarin, wani daga bakinsa, wani daga bakin matarsa Laure, sauran kuma a gabana aka yi.

Haƙar rijiya gado ce a gidansu. Mahaifinsa, Lukumanu, daga Kurugu ya taso ya zauna a Yammedi, kuma shi ya haƙa yawancin tsofaffin rijiyoyin yankin. Muttaka ya tashi yana riƙe masa igiya, har ya fara sauka da kansa. Lokacin da tsohon ya rasu, Muttaka ya riga ya san abin da ba a koyarwa da baki: ya dubi irin bishiyoyin wuri da inda gara ta yi suri, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya ce gaba goma sha biyu za a sami ruwa, kuma da wuya ya yi kuskure da fiye da gaba ɗaya. Da damina yana noman dawa da gyaɗa kamar kowa. Da rani kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, daga Karaye har cikin Rogo. Ba shi da yawan magana, kuma in ya ga aiki bai yi ba, yakan faɗa a gaban mai shi. Wannan hali ya sa wasu suna girmama shi, wasu kuma suna jin haushinsa.

A ranin 1986 wata ƙungiyar agaji ta zo da aikin rijiyoyi masu zoben siminti. Wanda yake kula da aikin wani injiniya ne Bayahude daga ƙasar Turai, dattijo mai furfura a gemu, sunansa Gershon. Mutane ba su iya faɗin sunan ba, sai suka riƙa ce masa Bature Mai Rijiya. Ya ɗan iya Hausa, ta gaisuwa da ta aiki. Ranar Asabar ba ya taɓa komai, yakan zauna a inuwar tanti da littafinsa. Ba ya cin naman da aka yanka a gari, sai dai ƙwai da dankali da gyaɗa. Ya ɗauki Muttaka ya shugabanci masu haƙa, suka yi wata bakwai tare.

A wajen zuba zoben siminti akan bar tarkace da yawa: guntayen rodi, wayar ɗauri, ƙusoshi, ga fasassun kwalabe na lebura. Ba aikin Muttaka ba ne kwashe su. Amma duk ranar da aka gama wata rijiya, bayan kowa ya ajiye kayan aiki, sai ya ɗauki kwano ya bi filin yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya je gefen gona ya haƙa rami har gwiwa, ya zuba, ya mayar da ƙasa ya daddanne. Ranar da aka gama rijiya ta shida, a wani ƙauye kusa da Kurugu, injiniyan ya dawo ɗaukar ma'auninsa da ya manta, ya tarar da shi a cikin ramin. Lebura suna zaune a ƙarƙashin ɗorawa suna jiran mota.

"Muttaka, me kake yi?"

"Binne ƙarfe da kwalba nake, ranka ya daɗe."

"Me ya sa rami mai zurfi? Akwai juji."

"A juji kaji za su tone, yara su taka. In na binne sama-sama, baɗi garma ta fito da su, sa ya taka ko mai gona. Nan kuwa garma ba ta kaiwa."

Injiniyan ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Sai ya fara wata doguwar magana da yarensa, kamar yana karanto abin da ya haddace tun yana yaro. Tafinta ba ya nan, ya tafi Karaye. Da ya ga ba wanda ya fahimta, sai ya ɗora hannu a ƙirji, ya nuna Muttaka, ya ce, "Kai, hasid. Muttaka, hasid." Ya sake faɗa har sau uku, yana girgiza kai.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan kalma tun daga ƙananan surori, inda ake neman tsari daga sharrin mai hassada. A cikin leburan akwai Awaisu, shi ma mai haƙar rijiya ne, kuma ya so a ba shi shugabancin da aka ba Muttaka. Ya fashe da dariya ya ce, "Kun ji! Har Bature ya gano shi. Hasidu!" Kowa ya yi dariya, har shi Muttakan ya yi murmushi, don ya ga fuskar mutumin, ya san ba fuskar zagi ba ce. Injiniyan ya zaci murna ake yi, shi ma ya yi dariya. Bayan wata guda aikin ya ƙare, ya bar wa Muttaka takardar shaidar aiki mai ɗauke da adireshi, ya tafi.

Shekara biyu sunan yana yawo a matsayin wasa. A 1988 ne ya zama wani abu daban. Awaisu ya karɓi aikin wata rijiya a bakin gari, ya haƙa ba tare da ya ɗaure bakinta ba, don ya gama da wuri. Muttaka ya biyo ta wajen, ya leƙa, ya ce a gaban jama'a, "Awaisu, akwai yashi a gaba na huɗu. In ba ka sa zobe ba, rijiyar nan ba za ta ga ƙarshen damina ba." Awaisu ya ce ya je ya ji da tasa. A watan Agusta, bayan ruwan kwana biyu, rijiyar ta rufta da wani bijimin sa da ake shayarwa a bakinta. Allah ya kiyaye mai san ya ja da baya.

Kafin a fito da mushen, magana ta riga ta zaga gari: bakin Hasidu ne. Aka tuna cewa ya taɓa yaba gyaɗar wani, gyaɗar ta yi kuturta. Aka tuna ya taɓa wucewa ta ƙofar wani gida, akuya ta yi ɓari. Wanda ma bai yarda ba sai ya ga gara ya yi nesa. Ranin da ya biyo baya, ƙauyuka goma sha ɗaya da suka saba kiransa yasar rijiya suka aiko cewa sun sami wani. A wasu ma sai da ya je da diga da igiyarsa aka mayar da shi daga bakin gari. Laure ta gaya mini cewa in ta shiga gidan suna, sai ta ga an ɗauke jariri an shiga da shi ɗaki, kamar abin yana bin matar mutum ma.

Ƙaninta da yake zaune a wajen Kaduna ya zo ya ce su tattara su bi shi, can ba wanda ya san su. Laure ta so tafiyar. Ta sami Muttaka yana gyaran ƙotar fartanya ta ce, "Malam, mu tafi mana. Na gaji da sunkuyar da kai."

Ya ce, "In na tafi, na yarda ke nan. Ni na ga idon mutumin nan lokacin da ya faɗi maganar. Wanda yake zaginka ba ya ɗora hannu a ƙirji. Ba inda za ni sai na san abin da ya ce."

"Wa zai gaya maka? Ya koma ƙasarsu."

"Yaren mutane ne, ba na aljanu ba. Akwai wanda ya sani."

Ya fara da Malam Sunusi, limamin gari, wanda ya karantar da shi. Malam Sunusi ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Muttaka, a Larabci kalmar nan mai hassada take nufi, wannan ba shakka. Amma mutumin nan ba Larabci ya yi maka ba. Yarensu ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da zan iya faɗa wa mutane shi ne ban taɓa ganin hassada a tare da kai ba." Ya kuwa faɗa, a huɗuba da wajenta. Mutane suka ce Malam yana kare almajirinsa ne.

Muttaka ya hau mota ya tafi Kano da takardar shaidarsa, ya nemi ofishin ƙungiyar, ya tarar an mayar da wurin shagon ɗinki. Ya je wajen wani malamin coci a cikin Rogo, Bahaushe, wanda ya taɓa haƙa wa rijiya, don an ce masa su ma suna karanta labaran Bani Isra'ila. Mutumin ya karɓe shi da kyau, ya ba shi ruwa, ya ce shi da Hausa da Turanci ya yi nasa karatun, yaren asali sai manyan malamansu, kuma bai san ko ɗaya a kusa ba. Abin da ya rage shi ne adireshin da ke jikin takarda. Wannan ne ya kawo shi ajina.

Na ce masa, "Ai da ka faɗa mini tun farko, da na rubuta maka wasiƙar a rana ɗaya."

Ya ce, "Malam Zubair, ba raini ba ne. Magana ta taɓa bi ta bakin wani ta lalace mini. Wannan karon ina so ta fita daga hannuna, kuma in amsa ta zo in karanta da idona."

Wata goma sha huɗu ya yi kafin ya iya haɗa layi biyar. Har yanzu ina tuna su. Ya yi gaisuwa, ya faɗi sunansa da garinsa, ya ce rijiyoyin duka suna ba da ruwa, sannan ya ce: kalmar da ka faɗa mini a bakin rami, me take nufi? Na rubuta fassarar Turanci a ƙasa, muka kai gidan waya a Karaye. Bayan wata bakwai wasiƙar ta dawo ba a buɗe ba, da hatimin da yake nuna ba a sami mai sunan a wurin ba. Muttaka ya juya ta gaba da baya, ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko akwai aji gobe. Ya ci gaba da zuwa har shekara uku.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aikin rijiya bai dawo kamar da ba, sai ya riƙe noma da ƙarfi. Rijiyar masallaci da ta makaranta kuwa duk shekara yana yashe su ba tare da an sa shi ba, mutane suna sha suna kuma ci gaba da kiransa da sunan. Yaran da aka haifa bayan abin ma sun tashi da shi a baki, ba su san asalinsa ba. 'Ya'yansa maza biyu sun sha faɗa a kai, babban har ya bar garin ya koma Zariya. Autarsu, Sadiƙa, an haife ta a 1994. Ita ce ta ɗauko kansa wajen naci. Ta sauke Alƙur'ani a wajen Malam Sunusi, ta gama sakandare a Karaye, ta sami shiga jami'a a Kano tana karanta Larabci. Muttaka bai taɓa ce mata don shi take karatu ba, kuma ba don shi take yi ba. Amma ta san labarin kamar yadda ta san hanyar gidansu.

Hutun farko da ta zo da babbar waya, ta rubuta kalmar ta bincika, ta nuna masa hotunan wasu mutane masu baƙaƙen riguna da manyan huluna da dogon gashi a gefen kunne. Ta ce, "Baba, an ce wata ƙungiya ce ta Yahudawa masu riƙo da addini. Ka ga ba zagi ba ne."

Ya daɗe yana kallon hotunan. Ya ce, "Uwata, ni na yi kama da waɗannan? Mutumin nan ya san ni Musulmi ne, a gabansa nake salla. Ba zai ce ni ɗan ƙungiyarsu ba ne. Akwai saura. Kuma in na je na ce wa mutanen gari waya ce ta faɗa, dariya za su ƙara. Nemo mini mutum."

Sai da ta kai aji uku ta samo mutumin. Dakta Bahauddeen yana koyar da su tarihin harshen Larabci da danginsa, kuma a Masar ya yi karatu, inda ya ɗauki shekara huɗu yana koyon Ibrananci, wato yaren Yahudawa. Sadiƙa ta ce za ta tambaya ta kawo amsa. Muttaka ya ce a'a, da ƙafarsa zai je. Ya roƙe ni in raka shi, don in zama shaida. Muka tafi wata Talata a watan Maris na 2016, shekara talatin cif bayan maganar.

Sadiƙa ta kai mu ofishin Daktan, ya tashi ya ba Muttaka kujerarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, suka yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar amfanin gona. Sannan Muttaka ya faɗi abin da ya kawo shi. Daktan ya ɗauki alli ya rubuta kalmomi biyu a ƙaramin allon da ke bango, ɗaya da Larabci, ɗaya da wasu haruffa masu kusurwa.

Ya ce, "Baba, Larabci da Ibrananci 'yan'uwa ne, kamar 'ya'yan wa da ƙani. Kalmomi da yawa sun yi tarayya a kansu, har ma'ana. Amma wannan tana cikin waɗanda sautinsu ya zo ɗaya, ma'ana ta rabu. A Larabci hassada ce. A wajensu kuwa tushen kalmar, hesed, yana nufin alheri da jinƙai, irin wanda ake yi ba don an wajabta ba. Hasid shi ne mai yin wannan."

Muttaka ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu.

Daktan ya ci gaba. Ya ce kalmar tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin tsofaffin littattafansu na addini, inda ake kiran bayin Allah masu biyayya da ita. Daga baya ta zama laƙabin girmamawa da ake ɗorawa a bayan sunan mutum, kamar yadda mu za mu ce wane bawan Allah ne, salihi. Ba kowa ake ba wa ba. Wanda ya tsaya a kan abin da shari'a ta wajabta, mutumin kirki ne, amma hasid shi ne wanda yake wuce nan, ya ƙara da abin da ba wanda zai tuhume shi in ya bari. Ya ce a zamani daban-daban an sami jama'o'in da aka kira da sunan: wasu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, wasu a ƙasar Jamus wajen shekara ɗari takwas baya, sai na ƙarshe da suka taso a gabashin Turai kusan shekara ɗari uku, su ne masu baƙaƙen rigunan da Sadiƙa ta gani. "Amma in dattijo ya dubi mutum ɗaya ya ce masa hasid, ba ƙungiya yake nufi ba, hali yake nufi. Baba, me kake yi lokacin da ya faɗa?"

Muttaka ya ba shi labarin kwano da rami.

Daktan ya ajiye allin. Ya ce a maimaita masa zurfin ramin, da abin da Muttaka ya ce game da garma. Sannan ya tashi ya ɗauko wani tsohon littafin rubutunsa na ɗalibta daga kabad, ya yi ta buɗawa har ya samu. Ya ce, "Malaminmu ya karantar da mu wannan. A cikin abin da malamansu na da suka ruwaito, an ce masu wannan laƙabi na farko, in sun sami ƙaya ko fasasshen gilashi, ba sa jefarwa a hanya. Gona suke kaiwa su binne da zurfi, yadda garma ba za ta tono shi ba. Yaransu suna karanta wannan a makaranta. Ina jin abin da ya yi ta karanto maka ke nan da yarensa. Mutumin nan ya zo Kurugu ya ga abin da ya karanta yana yaro, ana yi a gabansa."

Sadiƙa ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni kaina sai da na dubi taga. Muttaka kuwa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe karatu yake yi."

Don ya sassauta wurin, Daktan ya ce ko tsuntsuwar nan dangin shamuwa, hasida suke ce mata, wai don tana kyautata wa 'yan'uwanta. Nan ne Muttaka ya yi dariya sosai, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba. Da ya gama ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sunan nan ya fi ƙarfina. Ni mai haƙar rijiya ne, ina da fushi, ina da kaifin baki. Ba na neman a kira ni da shi. Ina so dai a san ba zagi ba ne. Ka rubuta mini, da boko da ajami, ka sa hannu." Daktan ya rubuta shafi guda, Muttaka ya karanta na bokon da kansa, a hankali, yana bin layi da yatsa, har ƙarshe.

Da muka dawo, kafin Muttaka ya kai wa liman takardar, gidan Awaisu ya fara zuwa. Awaisu ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a zaure. Muttaka ya karanta masa takardar. Awaisu ya ce, "Ni fa wasa na fara. Ban taɓa cewa kai ka rushe rijiyata ba, mutane ne suka faɗa."

"Da suka faɗa, ka san yashi ne. Ka yi shiru."

Awaisu ya ce, "Na yi shiru. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma ranar Juma'a ka zo ka faɗi maganar yashin."

Ya zo. Bayan an idar da salla Malam Sunusi, wanda a lokacin sai an riƙe shi yake tashi, ya sa aka karanta takardar a ƙofar masallaci. Awaisu ya miƙe ya yi tasa maganar a taƙaice. Wasu suka zo suka ba Muttaka hannu. Wasu suka ce kalmar Bayahude dai ba abin yarda ba ce, suka wuce. Samari kuwa yawancinsu mamaki suka yi, don ba su taɓa sanin sunan yana da ma'ana ba.

Laure ta ɗauka an gama. Sai ta ga ya sa an lulluɓe takardar da leda, yana duba tayar kekensa. Ya ce saura ƙauyuka goma sha ɗaya. Ta ce, "Malam, shekararka sittin da uku. Rabin waɗanda suka kore ka sun mutu." Ya ce 'ya'yansu suna nan, kuma nasa 'ya'yan da jikoki za su bi ta garuruwan nan wata rana. Ta ga ba zai fasa ba, sai ta riƙa dama masa fura tana zubawa a jarka.

Rani biyu ya ɗauka. Yakan isa gari, ya gai da mai unguwa, ya nemi a tara masa dattawa, ya karanta, ya yi godiya, ya hau keke. A wani wuri an ba shi haƙuri har da kuka. A wani wurin mai unguwa ya ce ba shi da lokaci, Muttaka ya zauna a ƙofar gidansa tun hantsi har azahar, sai da aka saurare shi. Na ƙarshe wani ɗan ƙauye ne a mazaɓar Jajaye, can cikin Rogo. Ya yi nisa da keke, sai na kai shi a babur ɗina.

Mun tarar maza duk sun tafi kasuwa. Wata tsohuwa mai suna Saude, uwar mai unguwa, ita ta fito ta shimfiɗa mana tabarma. Muttaka ya ce zai jira maza. Ta ce ya karanta mata, in sun dawo za ta faɗa musu, ai ita ta haife su. Ya karanta. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

Ta ce, "Ɗan nan, na tuna ranar da aka mayar da kai. Mijina ne ya yi, Allah ya jiƙansa, kuma na gaya masa bai kyauta ba. Yau dai ga shi ka zo. Kai ne ɗan Lukumanu, ko? To, ubanka ne ya haƙa rijiyarmu, kuma wata uku ke nan laka muke ja. Waɗanda muka kira sun leƙa sun ce ta mutu, mu jira gwamnati."

Muttaka ya naɗe takardar ya miƙa mini. Muka bi Saude zuwa bayan gari. Ya kwanta a bakin rijiyar ya leƙa, ya jefa tsakuwa ya saurara, ya sa aka ja guga ya murza lakar a hannu ya shinshina.

Ya ce, "Ba ta mutu ba, Inna. Ƙasa ce ta zubo ta toshe idon. Akwai igiya mai ƙarfi a garin nan?"

Na tuna masa cewa Laure tana jiranmu kafin magariba. Ya ce in koma in gaya mata kwana uku zai yi, in kuma taho masa da digarsa da gajeren shebur ɗin da yake bayan rumbu. Ya cire babbar rigarsa ya rataye a reshen marke, ya fara auna igiyar da Saude ta kawo, gaba ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowane wuri da ƙarfi ya ji ko za ta ɗauki mutum. Kwana huɗu aikin ya ci. Rana ta biyar da na je ɗauko shi, na tarar da mata a layi da bokitai, shi kuma yana zaune a gefe yana nuna wa mai unguwa inda za a ɗaure bakin rijiyar kafin ruwan sama ya sauka.